Ina Ya Kamata Bajon Mai Ɗaukar Hoton Eksire Ya Kwana?

Malam Edita, ina roƙo ka ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu in yi magana a kan wani abu ƙarami, wanda girmansa bai wuce akwatin ashana ba. Na san wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su ce, me ya haɗa mai koyon aikin malanta da ɗakin hoto na asibiti? To, su yi mini haƙuri su karanta, in sun yi nisa sa ga abin da ya haɗa mu.

A hutun Ista da ya wuce na sauka wurin yayana a nan cikin Yerwa. Shekararsa shida ke nan yana aiki a ɗakin eksire na wani asibiti, ba sai na faɗi sunan asibitin ba. Ran nan da azahar, cikin irin zafin nan na watan Afrilu wanda ke sa ko ƙadangare neman inuwa, na shiga ɗaki in ɗan kishingiɗa, sai na ga wani ɗan abu na roba a bakin taga, rana ta ƙwalle a kansa. Da na ɗauka sai na ji shi da zafi kamar ƙwan da aka tsamo daga tukunya. Akwai suna da lamba a jikinsa. Ɗiyar yayana, 'yar shekara huɗu, ta zo a guje ta ce in ba ta, wai rediyonta ne.

Da maigidan ya komo da yamma na nuna masa, na ce, "Yaya, wannan fa mene ne?" Ya ce, "Af! Bajona ne. Yau kwana uku ina nemansa." Na ce, "To, da me ka ke shiga aiki kwana ukun nan?" Ya yi dariya ya ce, "Kai dai yaro ne. Aiki ai ba ya tsayawa don bajo. In an ce manya suna tafe sai in ari na abokin aikina in maƙala." Ni ban yi dariya ba, gama a zangon da ya wuce malaminmu na kimiyya ya ɗan taɓa mana wannan magana, ban kuwa manta ba. Muka yi ta gardama har aka kawo tuwo. Abin da na ke so in rubuta a nan shi ne abin da na kasa faɗa masa sosai a daren nan, don kowa ya san ƙane ba ya cin gardama a gidan wansa.

Mu fara da hasken kansa. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano shi ran 8 ga Nuwamba, 1895, a garin Würzburg. Haske ne wanda ido ba ya gani, ba shi da wari, fata kuma ba ta jin shigarsa. Yana ratsa nama ya wuce, amma ƙashi yana tare yawancinsa, shi ya sa in an aza fim a bayan mutum sai inuwar ƙasusuwansa ta fito. Kafin shekarar ta ƙare Röntgen ya ɗauki hoton hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe. Duniya ta yi murna ƙwarai, likitoci suka rungumi abin, shi kuma aka ba shi kyautar Nobel a 1901. Sai dai waɗanda suka fara aiki da hasken ba su san yana ɓarna ba. Su kan sa hannunsu a gaban injin don su gwada ƙarfinsa. Clarence Dally, mai taimakon Thomas Edison a Amurka, ya yi ta haka har hannayensa suka ƙone suka zama gyambo, aka yanke su duka biyu, ya mutu a 1904. A birnin Hamburg na Jamus, a harabar wani asibiti, an kafa dutsen tunawa a 1936 ɗauke da sunayen mutum 169, likitoci da masu jiyya da masu gyaran inji, waɗanda hasken eksire da sinadarin radiyam suka kashe. Daga baya aka yi ta ƙara sunaye.

Kada mai karatu ya tsorata ya ƙi zuwa hoto in likita ya tura shi. Majiyyaci sau ɗaya ya ke tsayawa gaban injin, ko sau biyu a shekara, abin da ya ke sha kuwa kaɗan ne, amfanin da ya ke samu ya fi shi nesa. Wanda ya yi ta tari wata biyu, hoton ƙirji na iya zama sanadin tsirarsa. Wanda abin ya shafa shi ne ma'aikaci, wanda ke cikin ɗakin nan safe da yamma, shekara da shekaru. Ɗan abin da ke warwatsuwa daga jikin majiyyaci ya fantsamo masa yau, ya fantsamo gobe, shi ne ke taruwa. Tun da ya ke jiki ba ya jin shigarsa, tilas a sami abin da zai riƙe lissafi. Aikin bajo ke nan.

A nan ne na ga mutane da yawa sun ɓata. Wata gwaggona da ta ji muna gardama ta ce, ai laya ce irin ta Turawa, tana kare shi daga wutar injin. Ba ita kaɗai ke wannan zato ba. Bajo ba ya kare kowa daga kome. Abin da ke kare ma'aikaci shi ne bango mai kauri, da gilashi mai dalma, da rigar dalma, da nisa, da rage daɗewa kusa da injin. Nisa kuwa yana da ban mamaki: in ka ninka tazararka da inda hasken ke fitowa sau biyu, abin da zai same ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, in ka ninka sau uku ya koma ɗaya cikin tara. Shi bajo magatakarda ne kawai, yana rubuta abin da ya same shi. Haka nan maganar da a ke yi wai shan madara yana wanke hasken daga jiki, ba ta da tushe. Hasken eksire ba ya zama a cikin jiki balle a wanke shi. Ya wuce ya wuce, sai dai ɓarnar da ya yi a hanya. Madara abinci ce mai kyau, a sha don daɗinta.

Bajo iri-iri ne. Na dā ɗan fim ne a naɗe cikin takarda baƙa, an fara amfani da shi sosai a Amurka wajen 1942, lokacin da su ke aikin bam ɗin nukiliya. In an wanke fim ɗin, yawan duhunsa shi ne yawan hasken da ya sha. Irin na yayana kuwa, a cikinsa akwai 'yan ƙwayoyi ƙanana na wani gishiri da a ke yi da litiyam. In hasken ya ratsa su, sai wani ɓangare na ƙarfinsa ya maƙale a ciki, kamar ɓera a tarko. Bayan wata ɗaya ko wata uku a aika da bajon wurin masu awo, su gasa ƙwayoyin a cikin na'ura da zafin da ya wuce digiri 200, tarkon ya buɗe, ƙarfin nan ya fito ya zama ɗan ƙyalli, na'ura ta auna. Akwai kuma iri na uku wanda ba a gasawa, haske kore a ke haska masa ya saki abin da ya riƙe. Ku lura da wannan da kyau, gama duk maganata a kansa ta rataya: abin da zafi ke buɗewa a ɗakin awo, zafi na iya fara buɗe shi a bakin taga.

Ma'aunin da a ke lissafi da shi sunansa milisibat. Hukumar duniya mai ba da shawara a kan wannan sha'ani, wadda aka kafa a Stockholm a 1928, ta yanke cewa ma'aikaci kada ya wuce milisibat 20 a shekara in an raba a kan shekara biyar, kada kuma ya wuce 50 a cikin kowace shekara guda. Sauran jama'a kuwa, iyakarsu 1 a shekara, ban da na magani da na halitta. In ma'aikaciya ta sami ciki ta sanar, abin da ke cikinta a kan lissafa shi kamar sauran jama'a, watau 1. Hoton ƙirji bai cika wuce 0.1 ba. Sa'an nan akwai wanda kowa ke sha ko bai taɓa shiga asibiti ba, daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da iska da abinci. In an kwatanta duniya duka ya kan kai wajen 2.4 a shekara, wanda ke zuwa daga wajen jiki kuma, watau wanda bajo ke iya kamawa, bai cika 1 ba. Wuri ya fi wuri. A wajen Jos, inda aka haƙi kuza aka bar tulin ƙasa, akwai wuraren da ya fi haka.

To, ga tambaya irin ta aji. Tun da bajo yana shan wannan haske na halitta dare da rana, ko yana ƙirjin mai shi ko yana rataye, ƙaƙa masu awo za su san wanne ne na aiki wanne ne na Allah? Dabarar da aka yi mai sauƙi ce. Kowane ƙunshi na bajo yana zuwa da guda ɗaya wanda ba na kowa ba ne. Ni na kan kira shi bajon shaida. Ba a sa shi, ba a shiga da shi ɗakin inji. Tare su ke tafiya da sauran a hanya, tare su ke kwana a wuri ɗaya, tare su ke komawa. Abin da ya sha, shi ne na hanya da na halitta, sai a ɗebe shi daga na kowa, abin da ya saura shi ne na aiki.

Bari mu yi lissafi kamar a allo, da lambobin da na ƙaga don misali. A ce bajon ma'aikaci ya nuna 0.7, na shaida ya nuna 0.2. A ɗebe 0.2 daga 0.7, saura 0.5, shi za a rubuta masa. Yanzu a ce wani ya ga bajon shaida ba shi da mai shi, ya jefa shi cikin aljihun tebur a ɗakin inji, ya yi wata uku a can yana shan abin da ke fantsamowa, har ya nuna 0.7. A ɗebe 0.7 daga 0.7, saura ba kome. Takarda za ta zo ta ce duk ma'aikatan ɗakin nan ba abin da ya taɓa su, kowa ya yi murna, alhali kuwa ƙarya ce. Ba mutum ɗaya aka cuta ba, duk ɗakin aka cuta, kuma ba wanda zai sani. A ganina wannan ne kuskure mafi muni cikin duka, don kuskure ne mai daɗin ji.

Akwai kuma na kishiyarsa. Ma'aikaci ya gama aiki ya tuɓe rigar dalma ya rataye ta a ɗakin inji, bajonsa na maƙale a jikinta, ya tafi gida. Mai aikin dare ya zo ya ɗauki hoto talatin. Bajon ya sha rabonsa, mai shi kuwa yana barci a Bulumkutu. In takarda ta zo sai a ga lamba mai ban tsoro, a tayar da hankalin mutum, a hana shi aiki, a yi ta bincike a kan abin da bai faru ba. Abin da ya fi wannan, in ya faru sau biyu sau uku, ran da lambar gaskiya ta zo sai kowa ya ce, ai mantuwa ce irin ta kullum.

Sai zafi, wanda mu a Yerwa ba sai an ba mu labarinsa ba. A watan Afrilu da Mayu ma'aunin zafi ya kan wuce digiri 40 a inuwa. Cikin mota a rufe, ko bakin taga, ko ƙarƙashin kwanon rufi, ya fi haka nesa. Bajo mai ƙwayoyin gishiri in ya yi kwanaki a irin wannan wuri, wani abu daga cikin lissafinsa na iya zubewa kafin ya kai wurin awo, sai a rubuta wa mutum ƙasa da abin da ya sha. Mai fim kuwa zafi na sa shi duhu, a ga kamar ya sha abin da bai sha ba, laima kuma na dusashe abin da ya riƙe. Wanda a ke karantawa da haske kore ya fi jimre wa zafi, amma in yaro ya ɓare murfinsa rana ta shiga, lissafin ya tafi. Ɗiyar yayana har da haƙori ta gwada nasa. Ban faɗi wanki ba: riga ta tafi wurin mai wanki da bajo a aljihu, ta sha sabulu, ta sha shanya, ta sha dutsen guga.

Aro kuwa, ban san ta inda zan fara ba. Mu da mu ke koyon riƙe rajista mun san abin da zai faru in yaro ya amsa sunan ɗan'uwansa. Bajon aro lissafin mutum biyu ya ke ɓatawa a tashi ɗaya. Haka kuma in ma'aikaci ya yi rashin lafiya aka ɗauki hotonsa, bai kamata bajo ya kasance a jikinsa ba, gama wannan na magani ne. In zai hau jirgin sama, kada ya bar shi cikin jakar da za ta ratsa injin binciken kaya, don shi ma eksire ne. Maganin duk waɗannan ɗaya ne, bajo kada ya bar wurin aiki. Da safe a cire shi daga maratayinsa a maƙala a ƙirji, a ƙarƙashin rigar dalma in za a sa ta, sai fa in an ba mutum biyu, ɗaya ciki ɗaya a wuya ta waje. In an tashi a mai da shi maratayi, kusa da na shaida, a ɗaki mai sanyi marar laima, nesa da inji, nesa da taga.

Yanzu bari in yi wa yayana adalci, gama da na faɗa masa wannan bai rasa amsa ba. Ya ce, "Maratayin yana ina? Nuna mini." A wurin aikinsu ba allo, ba ƙusa, ba akwati. An dai miƙa wa kowa nasa an ce wanda ya ɓatar zai biya daga albashinsa. Mutumin da aka gaya wa haka, ina zai ajiye abin in ba aljihunsa ba? Ya kuma ce tun da ya fara aiki sau ɗaya ya taɓa ganin takardar sakamakonsa, ita ma a kan tebur ya tsince ta. Wani lokaci wata uku ya cika ba a zo karɓa ba, a yi wata shida, a yi tara. Ya ce, "Kai da za ka zama malami, in kana ba yara jarrabawa ba ka taɓa nuna musu makinsu ba, za su kula da takardar?" A nan na yi shiru, don ya fi ni gaskiya. Saboda haka ni ban yarda da masu ɗora laifin duka a kan ƙananan ma'aikata ba. Rabin laifin, ko fiye, na masu riƙe da wurin ne.

Ba kuwa don rashin doka ba ne. Wannan ƙasa ta daɗe da sanin zancen. Ran 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na fari a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, lokacin hunturu, sa'ad da iska ke kwaso ƙura daga arewa ta zuba mana. Mutane suka firgita ƙwarai. Da Faransa ta maimaita har sau uku, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadanta daga Ikko a watan Janairu, 1961. A sanadin wannan tsoro aka kafa ofishin kula da awon irin wannan haske a Jami'ar Ibadan a 1964. A 1995 aka yi dokar kiyaye lafiya daga haɗarin nukiliya, a 2001 hukumar da ke zartar da ita ta fara aiki a Abuja, a 2003 kuma ta fitar da ƙa'idodi dalla-dalla. A cikinsu nauyin auna ma'aikaci da riƙe lissafinsa yana kan wanda ya ɗauke shi aiki. Masu awo ma akwai su a ƙasar, a Ibadan da cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Sai dai ku dubi nisa. Daga Yerwa zuwa Kano kaɗai kusan kilomita 600 ne, balle Ibadan. Ƙunshin bajonmu ya fi na kowa daɗewa a hanya, cikin bayan mota mai zafi ko cikin kayan jirgi. Don haka mu ne muka fi kowa bukatar bajon shaida na gaskiya.

Na san abin da wasu za su ce, na kuwa ji shi daga bakin mutane masu hankali. Za su ce, yawancin masu ɗaukar hoto, in suna tsayawa bayan bango yadda ya kamata, abin da su ke sha a shekara bai kusa da 20 ba, to me ya kawo wannan dogon surutu? Ga asibiti ba isasshen magani, ga wutar lantarki tana zuwa tana tafiya, ga majiyyata a kwance a baranda, sai a tsaya zancen ƙusa da allo? Kashin farko na maganarsu gaskiya ne. Amma da me aka san gaskiya ne? Da bajo aka sani, a wuraren da a ke ajiye shi daidai. Bajo kuma ba mutum kaɗai ya ke aunawa ba, yana tona asirin ɗakin. In bango ya tsage, ko an canza ƙofa mai dalma da ta katako, ko tsohon inji ya fara yoyo, ko an ɗauko injin tafi-da-gidanka ana hoto a ɗakin majiyyata ba kariya, ba mai gani da ido. Lambar da ta tashi a takarda ita ce za ta fara faɗa. Ga kuma sababbin injuna masu ƙarfi suna ta shigowa, irin su siti sikan, da waɗanda likita ke tsayawa gab da majiyyaci yana aiki hasken na kunne. Game da kuɗi kuwa, an riga an biya mai tsadar, watau bajon da awonsa. Abin da ya rage katako ne da ƙusa. Wanda ya sayi doki ya ce ba shi da kuɗin turke, ban san abin da zan ce masa ba.

Akwai wani abu kuma da ambaliya ta koya mana. Ran 10 ga Satumba, 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci rabin garin nan, ya shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda aka buɗe tun 1983, ya lalata injuna masu tsada. Da yawa cikinmu mun yi hasarar littattafai da takardun shaida, ni kaina har yanzu ina da littafin lissafi wanda shafukansa suka manne. Inji in ya lalace a kan sayi wani. Lissafin abin da mutum ya sha cikin shekara ashirin, in ruwa ya ci, ba kasuwar da a ke sayar da shi. Ƙa'idar duniya ta ce a riƙe wannan lissafi har mai shi ya kai shekara 75, kuma kada a yar da shi kafin shekara 30 bayan ya bar aikin, gama ciwon da hasken ke jawowa ya kan yi shekaru kafin ya bayyana. Saboda haka ina ganin maratayi ya kamata ya kasance a sama, takardun kuma a yi musu kwafi, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a hannun ma'aikacin kansa ya kai gida. Takardar ce ya kamata ta je gida, bajon ya kwana a asibiti. A wurin yayana an juya abin.

To, me ya haɗa mu da wannan? A makarantar mishan inda na yi firamare akwai ma'aunin ruwan sama a tsakiyar fili, kowane mako da yaron da ke karanta shi da ƙarfe bakwai na safe ya rubuta a littafi. Wata rana da ya ke makona ne, na ga awaki suna damunsa, sai na ɗauke shi na kai gindin ɗakin ajiya inda ba za su taɓa shi ba. Da dare aka yi ruwa, na indararo ya zuba a ciki ya cika shi fal. Da safe na rubuta lambar da murna. Malaminmu bai doke ni ba. Ya sa na tsaya gaban aji na bayyana yadda aka yi ruwan kwana ɗaya a garinmu ya fi na wata guda, yara suna ta dariya, sa'an nan ya ja layi ja a kan makon duka ya rubuta cewa ba a sani ba. Wannan jan layi ya fi mini bulala zafi. Niyyata kyakkyawa ce, kamar ta yayana da ke kai bajonsa gida don kada ya ɓata, amma lissafin ya lalace.

Yaran da za mu koyar, wasunsu za su shiga Jami'ar Maiduguri su karanta aikin eksire, gama ana koyar da shi a can har digiri. Wasu za su zama masu jiyya, wasu akawuna masu riƙe da ƙunshin bajo, wasu shugabannin asibiti masu sa hannu a takardar kuɗi. A jami'a za a koya musu sunayen sinadarai. Amma halin mai da ma'auni wurinsa, da ƙin rubuta lambar da ba a auna ba, a aji uku a ke koyonsa ko a rasa shi. Mu da kanmu a nan kwaleji, ina ma'aunin zafin ɗakin kimiyya ya ke rataye? Ku je ku duba. A jikin bangon yamma ya ke, inda rana ke dukansa tun daga azahar, kullum kuma muna kwafe lambarsa cikin littafi ba mai tambaya.

Ga roƙona ga malaminmu na aikin hannu da shugaban ƙungiyar kimiyya. A zango mai zuwa, maimakon akwatin alli da mu ke yi kowace shekara har sun yi mana yawa, a bar mu mu yi allunan rataye bajo. Katako mai tsawon ƙafa biyu ya isa, da ƙugiya goma sha biyu, da ɗan fili a ƙarƙashin kowace don rubuta suna, ƙugiya ɗaya a shafa mata jan fenti a rubuta "Na shaida, kada a taɓa". A yi masa murfi da ɗan kwaɗo saboda ƙura da masu ɗauke-ɗauke. Mu kai wa ƙananan asibitocin garin nan kyauta, amma kada mu kafa da kanmu, mu bar jami'in da ke kula da kariya a wurin ya nuna bangon da ya dace, don shi ya san inda hasken ke bi. Na riga na yi guda ɗaya da guntun katakon da na roƙa wurin kafinta, ko da ya ke ya ɗan karkace. Yayana ya karɓa ya kai, ya ce an kafa shi a ofishin da su ke canza tufafi, bango biyu tsakaninsa da inji. Ya zuwa makon jiya ƙugiya huɗu ke da bajo cikin bakwai, na shaida kuma har yanzu ana nemansa.